Mazarin 'Yan Koyo

Ku matso, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. In na gama zan mayar wa kowa nasa. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, babu dodo a ciki, babu aljana mai dogon gashi. Labarin wata baiwar Allah ne da ta sha wuya a hannun wata tsohuwa mai taurin kai, kuma su biyun duk ni ce.

A shekarun da wayar hannu ta shigo Azare, lokacin da za ka ga mutum da hankalinsa ya tsaya a tsakiyar titi yana daka wa iska tsawa, ni ina zaune a ɗakina a gidan ɗana ina kaɗin likkafanina. Kada gaban kowa ya faɗi. A gidanmu na Katagum haka muka buɗe ido muka gani: mace in ta ga jikokinta sun fara tasawa, sai ta nemi auduga, ta gurje ta fitar da ƙwayarta, ta shiɓe ta yi laushi, ta kaɗa zaren da za a naɗe ta a ciki, ta kai wa masaƙi. Kakata ta yi, uwata ta yi. Ba wai yadin kanti haramun ne ba. Amma mace tana so ta kwanta cikin abin da ta san asalinsa, tun daga gona har zuwa bakin allura.

Ɗana ya yi ta fama da ni. Ya ce, "Inna, farin yadi ga shi nan jibge a kasuwa. Ko yau kika ce sai in sayo."

Na ce, "Saurin me kake yi? Wani ya ce maka gobe zan tafi?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Shekara biyu da wani abu ina kai. Abawa, wato zaren nan mai kauri da masaƙi ke jefawa a kwance, na gama ta tas, tana cikin tukunya na rufe da faifai. Zaren tsaye ne ya rage, siririn nan mai ƙarfi da ake ja a miƙe, wanda in ya yi rauni saƙa ba ta yiwuwa. Shi ma na ci ƙarfinsa, saura dunƙule huɗu. Kuma duk ƙasar nan masaƙi ɗaya ya rage da na yarda da hannunsa, wani dattijo a Chinade, abokin marigayi maigidana, wanda ya shekara arba'in yana saƙa zarena. Bayan an gama girbi ya aiko mini da saƙo cewa idonsa ya fara dushewa, bana ce saƙarsa ta ƙarshe. A fili yake aiki, ƙarƙashin wata tsamiya. Ruwan farko na sauka zai naɗe kayansa, kuma ba zai sake shimfiɗa su ba. Duk mai zare ta kawo kafin nan.

Ko a jikina. Dunƙule huɗu mene ne a wurina? Ni ce fa wadda in baƙo ya shigo unguwarmu yana neman zaren tsaye, ƙofata ake nuna masa. Har daga Dagauda mata sun aiko mini da audugarsu.

Ga wanda bai sani ba, mazari ɗan tsinke ne da aka soke a cikin gululu, shi kuma gululu ɗan dunƙulen yumɓu ne da aka gasa, shi ke ba tsinken nauyi ya yi ta juyawa yana murɗa zare. Nawa na uwata ne. Baƙi wuluk, ƙarami, amma da nauyi kamar dutse, tsinkensa siriri kamar karan tsintsiya. In na murza shi sau ɗaya a cikin taskira, wato ɗan kwandon da muke kafa gindinsa, sai in ja zare kamu guda bai tsaya ba. Da shi na yi suna, da shi na yi wa 'ya'yana kayan ɗaki.

Wata rana da zafin bazara ya fara kankama, na tashi yin alwalar la'asar, na tura mazarin ƙarƙashin gefen tabarma don kada wani ya taka. Na yi salla, na yi addu'a mai tsawo, har da roƙon Allah Ya tsare ni daga gafala. Na dawo na zauna daɓas. Na ji ƙaras!

Ban motsa ba. Na daɗe zaune a kai kamar kaza a kan ƙwai, ina fata kunnena ne ya yi ƙarya. Da na ɗaga tabarma, gululun uwata ya rabu uku.

Surukata, matar ɗan nan nawa, ta leƙo daga madafa. Mace ce mai sanyin hali, sai dai idonta ba ya barin komai ya wuce. Ta ce, "Subhanallahi! Inna, wa ya yi wannan ɓarna?"

A daidai lokacin akuyarmu ta ratso tsakar gida tana tauna, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Na dube ta, ta dube ni. Na ce, "Wa kuwa, in ba waccan marar tarbiyya ba?"

Aka ɗaure akuya a turke ranar nan. Ina ji tana kuka, na kawar da kai.

Ranar kasuwa na yafa mayafi na tafi. Can ƙuryar kasuwar Azare, bayan masu ƙwarya da ludayi, akwai wata tsohuwa Babarbariya da ke baza mazarai a kan tabarma. Ita ke gina gululunta, ita ke gasawa, ita ke feƙe tsinke. A lokacin ita kaɗai ta rage, sauran duk sun koma sayar da robobi. Mun san juna tun muna da haƙora, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: ba a haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba.

Tana hango ni ta ɗaga murya. "A'a! Yau wace iska ta koro mini baiwata? Bafillatana, ina kika baro shanun?"

Na ce, "Suna gonarku. Tunda ba ku iya noma ba, ko ciyawar ta yi amfani."

"Zauna dai kafin iska ta ɗauke ki. Me ya faru?"

Na ce akuya ta fasa mini mazari. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Akuyar nan da nauyi take." Sannan ta ce, "Miƙo hannun."

Na miƙa. Ta kama gindin babban yatsana na dama ta danna. Wani zafi ya tashi daga nan ya bi ta gwiwar hannu ya fita ta ƙeya. Amma ni aka haifa a gidan da mace ke haihuwa ba a ji muryarta ba. Na haɗiye.

Ta ce, "Kin ji zafi."

"Ban ji ba."

"Bakinki bai ji ba, idonki ya ji. Hannun nan ba na bara waccan ba ne." Ta laluba cikin kayanta ta ɗauko wani mazari ta ajiye a gabana. Gululunsa faffaɗa ne, marar nauyi, an zagaye shi da jan layi, tsinkensa gajere mai kauri. "Ga naki."

Jama'a, kun san wane irin mazari ne? Irin wanda ake saya wa yarinya 'yar shekara bakwai ranar da za a fara ɗora mata hannu. Jan layin nan ma don a yaudari yaro ake yin sa. Ni, mai jika tara!

Na ce, "Wannan ki ajiye wa jikarki, ko ki ɗaura wa kyanwa a wuya."

Ta ce, "To ga auduga, ga alli, ga taskira. Zauna ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi."

Gaskiyarta, haka ake yi. Ba a sayen mazari a tsaye. Mace takan zauna a tabarmar mai sayarwa, ta shafa alli a yatsu don kada su yi santsi, ta kaɗa kamu biyu ko uku da wannan, ta ajiye ta ɗauki wancan, har hannunta ya faɗa mata. Ni kaina na sha korar mata a kan haka. Ƙanwata ta taɓa sayo mazari don zanen jikinsa ya burge ta, na sa ta taka har kasuwa da tsakar rana ta mayar, ina biye da ita ina yi mata faɗa. Duk na san wannan. Amma ranar nan sai na ga masu ƙwarya suna kallonmu, na ji kamar an ce limami ya karanto Fatiha a ji ko ya iya.

Na ce, "Ni za a gwada? Ina kaɗi tun kina yawo ba zani."

Idona ya riga ya faɗa kan wani. Baƙi, ƙarami, mai sheƙi, tsinkensa siriri. Kai ka ce na uwata ne ya tashi daga matattu. Na ɗauka, na auna a tafin hannu, nauyin nan da na sani. Zuciyata ta ce shi ne. Hannuna ban tambaye shi ba.

Babarbariya ta ce, "Mazarin kirki ne, ban yi wanda ya fi shi ba. Na mace 'yar talatin ne. Ɗauki abinki. Amma ranar da za ki dawo ki taho mini da goro fari, ban cin ja."

Na ce, "Sai dai ki mutu da kwaɗayinsa."

Aka kwana, aka tashi, na zauna kaɗi. Abin da ban sani ba, ko na sani na ƙi sani, shi ne na uwata ya tsufa tare da ni. Shekaru sun cinye gefensa, sun rage masa nauyi, tsinkensa ya lotsa daidai inda yatsana ke zama. Kullum yana sauƙaƙa mini kaɗan kaɗan, ni kuwa ina ɗauka ƙarfina ne bai ragu ba. Sabon nan ba ya sani, ba ya sabo. Tsinkensa siriri sai an matse shi da ƙarfi kafin ya juya, in ya juya kuma sai ya fizgi auduga da gudu kamar ɗan acaɓa ya ga fasinja a tsallaken titi. Hannun hagu bai gama sakin auduga ba, shi ya riga ya murɗe. Nan zare ya yi kauri, can ya yi siriri, can kuma ya tsinke. In ƙulla, in murza, ya tsinke.

Kwana uku babban yatsana ya kumbura. Kwana bakwai ya zama kamar ɗanyen rogo. Na koma jan carbi da hagu. Tuwo ya gagare ni gutsura, na ce wa surukata ta riƙa dama mini kunu, wai zafin gari ya hana ni cin abu mai nauyi. In na ji takunta sai in ɗora gefen zani a kan hannun, in kama waƙar kaɗi a hankali kamar mai jin daɗi.

Wata rana ta ajiye mini kunu, ta tsaya. "Inna, sabon mazarin nan lafiya kuwa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Audugar bana ce ba ta da kyau."

"Ayya. Ba ita ce kika yaba da kaka ba?"

"'Yar nan, ba ki da aiki a madafa ne?"

Ta tafi. Jim kaɗan ta dawo ta ajiye ɗan gwangwanin man shanu kusa da ƙafata. Da ta juya na shafa.

Mako uku cur na yi ina wannan yaƙi, na samu dunƙule ɗaya da ƙyar. Na san ba shi da kyau. Makaho ma in ya shafa ya sani. Amma na ce wa raina wataƙila idon masaƙi ya dushe sosai, ya karɓa bai lura ba. Ku ji fa, mace tana shirin kayan kabarinta, tana kuma shirin cutar makaho.

Ɗana ya tsayar mini da ɗan acaɓa, na hau a karkace na riƙe ƙarfen baya, muka kama hanyar Chinade ina salati a kowane rami. Na tarar da dattijon a gindin tsamiyarsa, zare miƙe a gabansa har can nesa, ƙafafunsa suna hawa suna sauka. Yaya yake ce mini, don maigidana ya girme shi. Muka gaisa, muka yi wa mamata addu'a. Sannan na kwance bakin zani na fito da dunƙulen. Da na ga ya miƙo hannu sai ƙarfin halina ya gudu.

Na ce, "Malam, wata maƙwabciyata ce ta ce in nuna maka. Koyo take yi."

Ya karɓa. Bai ko kai shi kusa da ido ba. Ya warware kamu ɗaya, ya bi shi da yatsu, ya ja kaɗan. Tsit, ya tsinke. Ya sake warwarewa, ya ja. Ya tsinke.

Ya ce, "Ikon Allah. Maƙwabciyar nan taki, Yaya, ta daɗe tana koyo. Dubi yadda take haɗa bakin zare in ya tsinke, ba ƙulli, sai murɗi. Mace ɗaya na sani mai yin haka."

Na ce, "A wurina ta gani."

"To. Ki faɗa mata hannunta ya iya, mazarinta ne ya fi ƙarfinta. Wannan in na ɗora shi, kafin azahar ya tsinke sau ɗari. Ba zan saƙa wa mutum abin da zai yage a hannun masu wanka ba." Ya miƙo mini. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda sama ta fara yin fari-fari da rana. "Jiya na ji ƙanshin ƙasa daga kudu. Wata guda, in ya daɗe. Ki kawo abin da ke hannu in fara, sauran ya biyo baya."

Na tashi zan tafi, ya ce, "Yaya."

"Na'am."

"Ki gaishe ta. Ki ce ta riƙa gasa yatsan da ruwan ɗumi."

Duk tsawon zaman nan hannuna na dama yana cikin mayafi. Har yau ban san ta ina ya gani ba, shi da aka ce ido ya dushe.

A hanyar dawowa ban yi salati a ramuka ba, lissafin kwanaki nake yi. Na ga likkafanina kwance rabi a saƙe, rabi a tukunya. Na ga an naɗe ni a yadin kanti mai santsi, irin wanda ake yi wa 'yan makaranta riga, uwata da kakata suna dubana suna tambayar 'yar wace gida ce wannan.

Duk da haka ban tafi kasuwa da ƙafata ba. Na kira surukata na ce, "In kin je cefane, ki biya wurin Babarbariyar nan mai mazarai. Akwai wani mai jan layi. Ki ce wata yarinya ce a unguwa za ta fara koyo."

Ta tafi ta dawo hannu wofi, tana danne dariya har kafaɗunta na rawa.

"Ta ce me?"

"Inna, in faɗa yadda ta faɗa?"

"Faɗi."

"Ta ce a gaya wa yarinyar ba ta sayar wa hannun da ba ta gani ba. Ta ce kuma yarinyar ta san irin goron."

Ranar kasuwa ta zagayo. Na sayi goro fari, manya guda biyu, na ƙulle a leda. Tafiyar da na saba yi kafin a tafasa ruwa, ranar nan sai da na tsaya gaisawa da duk wanda na sani da wanda ban sani ba. Da na iso na ajiye ledar a tabarma.

Ta kwance, ta duba, ta ɓantara, ta tauna a hankali. Sai da ta gama ta ce, "Ina yarinyar?"

Na ce, "Ga ta."

"To zauna, 'yammata. Shafa alli."

Na zauna. Masu ƙwarya suka matso. Wasu mata masu cefane suka tsaya, don a lokacin an fara manta yadda ake kaɗi, ganin mai yi ya zama abin kallo. Na miƙa hannu zan ɗauki mazari, ta buge mini hannu.

"Idon nan shi ya kai ki ya baro. Ja ɗankwalinki ki rufe shi."

"A tsakiyar kasuwa?"

"Ko ki koma gida ki ci gaba da baƙinki."

Na ja ɗankwali na rufe ido. Kaɗi ba ya bukatar ido ga wadda ta iya, yatsu ke gani. Ta sa mini auduga a hagu, ta sa mini mazari a dama. Na murza. Nauyi. Ta karɓe ta sa wani. Wannan yana rawa kamar ɗan maraƙi. Ta sa wani. Tsinkensa ya yi tsawo, kafaɗata ta ɗaga. Ina cikin haka, ina ƙoƙarin in gane wanne ne wanne don kada ta ba ni mai jan layi, sai na ji ta ce wa masu ƙwarya:

"Ku gan ta nan. Ai Fulani ba su san kaɗi ba sai da suka zo wurinmu. Da fata suke ɗaurawa. Zaren Katagum kuwa na san shi tun ina yarinya, mu da shi muke ɗaure awaki."

Jama'a! Na manta da kasuwa, na manta da ɗankwali a fuskata. Na ce, "Ke! Zaren Katagum? Kin san uwata kuwa? Matar da in ta kaɗa zare sai an kai shi rana kafin a gan shi? Matar da fatake ke kwana biyu a zaurenmu suna jiran ta cika mazari?"

Ta ce, "Ƙarya dai ba ta tsufa a bakin Bafillace."

Na ce ƙarya a gidansu aka yanke mata cibiya. Na faɗa mata rawanin da aka saƙa da zaren uwata, wanda aka zura shi ta cikin zobe ya wuce. Na faɗa mata yadda kakata ke kaɗi tana tafe bayan shanu. Na faɗa mata Barebari ban da turaren wuta da yawan magana ban san abin da suka ƙara wa duniya ba. Tana sa baki kaɗan, ina zubawa. Ina jin tana taɓa hannuna lokaci lokaci tana sauya abin da ke ciki, ban kula ba, don ina tsakiyar kare mutuncin matattu.

Can sai na lura ni kaɗai ke magana. Abin da nake ji kawai shi ne wani ɗan sauti, siririn gurnani a cikin taskira, wanda rabona da jin sa tun ranar da na zauna a kan na uwata.

Ta ce, "Tun daga rawanin nan ban sauya miki ba. Yatsan yana ciwo?"

Na tsaya na saurari yatsana. Yana nan da kumburinsa, amma ya yi shiru. Tsinken ya cika yatsu, ba sai na matse ba. Juyinsa a hankali, yana jiran hannun hagu, ba ya fizga. Na manta ma ina riƙe da wani abu.

Ta ce, "Wanda kika manta yana hannunki, shi ne naki. Buɗe."

Na ɗaga ɗankwali. Zare sumul, siriri, ya naɗu a tsinke har ya yi ciki. A ƙarƙashinsa jan layin nan yana kallona.

Kasuwa ta ɗauki dariya. Wata mata ta ce, "Iya, Allah Ya sa albarka a koyo!" Na ce amin, don ban ga abin da ya rage in ce ba.

Daga ranar nan ban ɗaga kai ba. In na idar da sallar asuba in zauna, sai azahar. In gasa yatsa da ruwan ɗumi, in koma. Mazarin 'yan koyo ba ya gudu, amma ba ya tsinka zare, kuma ba ya kwantar da mai shi. Surukata ta karɓi shiɓar auduga, ashe ta iya, ban taɓa tambayarta ba. Duk dunƙulen da ya cika sai ɗana ya ba ɗan acaɓa ya kai Chinade. Na farko ya tafi, saƙo ya dawo: a gaya wa Yaya maƙwabciyarta ta warke. Na biyu ya tafi. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Na uku ya tafi. Kullum in fito tsakar gida in dubi gabas, ni da na shekara saba'in ina roƙon ruwa, na koma ina cewa, "Ya Allah, manoma bayinKa ne, ni ma baiwarKa ce, a ɗan jinkirta."

Ina tsakiyar na huɗu, wata ranar Alhamis bayan la'asar, iska ta taso ta kwashe faifan da ke kan tukunya. Kafin surukata ta kwashe shanya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara a waje suna ihu suna murna. Na zauna a bakin ƙofa da rabin dunƙule a cinya, na dubi ruwan nan, na ce Alhamdulillahi, don ba a cewa komai sai haka.

Bayan kwana biyar dattijon ya aiko da kaya a naɗe cikin tsohon buhu. Fari ƙal, mai kauri, mai ƙanshin tsamiya da hayaƙi. Aka auna mini. Zani ya samu, riga ta samu, manyan mayafan naɗi sun samu. Abu ɗaya ya kasa: ɗan ƙyallen da ake rufe wa mace kai. Zaren tsaye ya ƙare daidai nan. Mako ukun da na ɓata ina kokawa da baƙin mazari, su ne wannan ƙyallen.

Da na faɗa wa Babarbariya, ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Ta ce, "Ai an yi adalci. Jikin da ya yi wahala ya samu na gida. Kan da ya ƙi jin magana ya tafi da na kanti."

Ɗana ya sayo kamu biyu na farin yadi, aka haɗa a ciki. A ƙarshe dai sai da ya saya.

To, ga inda kowa ya kwana.

Masaƙi ya naɗe kayansa ranar ruwan nan, bai sake shimfiɗawa ba. Bayan shekara biyu aka aiko da safe cewa ya cika. Aka ce kuma bai ajiye wa kansa ko ƙyalle ɗaya na saƙarsa ba, a yadin kanti za a sa shi. Na buɗe akwati na fito da nawa, na ɗora a cinya. Zuciya ɗaya ta ce aika masa, ɗaya ta ce ke fa? Ina wannan shawara, ina saƙawa ina kwancewa, har aka bugo wa ɗana waya cewa an dawo daga maƙabarta. Na mayar da shi akwati. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.

Babarbariya ta daina zuwa kasuwa da ƙafafunta suka ƙi, tana gidan 'yarta. Wurin zamanta yanzu wani ne ke sayar da murfin waya. Duk sallah ina aika mata goro fari, ita kuma ta aiko a tambayi yarinya ko ta iya kaɗi.

Surukata tana kaɗi yanzu in ta samu sarari. Baƙin mazarin nan na ba ta, ya zauna mata daram kamar don ita aka gasa shi. Sai da na sa ta zauna ta gwada tukuna, ina tsaye a kanta ina yi mata bayanin illar saye da ido. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Inna." Allah Ya yi mata albarka, ko murmushi ba ta yi ba.

Akuya ta yi kwana tara a turke kafin in ce a sake ta, wai na yafe mata. Ta haifi tagwaye sau uku a gidan nan. Ranar da za a sayar da ita na kira surukata na faɗa mata gaskiyar wanda ya fasa mazarin. Ta ce ai tun ranar ta sani, don akuya ba ta ɗaga tabarma ta sa abu a ƙarƙashi ta mayar.

Ni kuwa ga ni nan, ban tafi ba. Duk shekara in sanyi ya wuce sai in fito da likkafanin in shanya shi a igiya ya sha iska, in sa masa ganyen darbejiya saboda asu, in mayar. Mai jan layi yana cikin taskira, a kan taga nake ajiye shi yanzu, nesa da tabarma. Ga kunnuwanku nan, kowa ya ɗauki nasa.